Kobalt ko Linak: Yadda Kuzarin Foton Ke Raba Gardama Wajen Zaɓen Na'urar Gashin Daji

Duk gwamnati ko asibitin da ya ƙuduri aniyar buɗe sashen gashin cutar daji, tambayar farko da za ta tare shi ita ce wace na'ura zai saya, tsakanin mai amfani da ƙarfen kobalt-60 da kuma wadda ake kira linak, mai samar da hasken eksire daga wutar lantarki. Dukansu biyu ana aiki da su a yankinmu. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe da na'urar kobalt, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja yana amfani da linak, sannan cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai ta fara gashi a 2021 da na'urar kobalt bisa tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kusan rabin masu cutar daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, saboda haka wannan zaɓi yana shafar dubban mutane har tsawon shekaru goma sha biyar ko fiye da na'urar za ta yi tana aiki.

Akwai wani zato da ya yaɗu har a tsakanin masu ilimi, cewa linak ta fi kobalt ne domin haskenta ya fi gudu, don haka yana kutsawa cikin jiki da ƙarfi. Wannan zato kuskure ne, kuma wanda ya gina shawararsa a kansa zai iya kashe kuɗi mai yawa a inda babu buƙata. Hasken da na'urorin biyu ke fitarwa ya ƙunshi ƙwayoyin da ake kira foton, kuma kowane foton, ko na fitilar ɗaki ne, ko na tashar rediyo, ko na hoton ƙirji, ko na gashin daji, gudunsa a sararin da babu komai ɗaya ne, wato mita 299,792,458 a daƙiƙa guda. Tazarar santimita 80 zuwa 100 da ke tsakanin wurin da hasken ke fitowa a cikin na'ura da jikin majiyyaci, foton yana ratsa ta a cikin kusan kashi 3 cikin biliyan na daƙiƙa, ko daga kobalt ya fito ko daga linak. Abin da ya bambanta su shi ne kuzarin da kowane foton ke ɗauke da shi. Tun daga aikin Max Planck a 1900 da na Albert Einstein a 1905 aka san cewa kuzarin foton yana ƙaruwa daidai da yawan kaɗawar haskensa a daƙiƙa, tsawon zangonsa kuma yana raguwa. Ana auna shi da ma'aunin eV, wanda shi ne kuzarin da ilaktiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, ke samu idan ya ratsa bambancin bolt ɗaya na lantarki. Foton na koren haske yana da kusan eV 2.3, na hoton asibiti yana tsakanin eV dubu 20 da dubu 150, na gashin daji kuwa ya haura eV miliyan ɗaya, wanda ake rubutawa MeV 1.

Mai yiwuwa ruɗanin ya samo asali ne daga ilaktiron, domin shi gudunsa yana canzawa da kuzarinsa. A cikin bututun eksire na ɗaukar hoto mai bolt dubu 100, ilaktiron yana kaiwa kusan kashi 55 cikin ɗari na gudun haske kafin ya bugi ƙarfen da ke gabansa. A cikin linak mai MeV 6 yana kaiwa kusan kashi 99.7 cikin ɗari. Amma da zarar ya bugi ƙarfen ya haifi foton, wannan foton gudun haske yake yi tun daga haihuwarsa, babu ƙari babu ragi.

Hanyar da na'urorin biyu ke samar da foton ita ce tushen duk sauran bambancinsu. Ana samun kobalt-60 ne ta hanyar ajiye kobalt-59 a cikin tukunyar nukiliya har ya haɗiyi nutiron, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cibiyar zarra, aikin da ƙasar Kanada ta shahara da shi. Daga nan ƙarfen yana ta rikiɗewa da kansa zuwa nikel-60, kuma a kowace rikiɗa cibiyar ƙwayar zarra tana sakin foton biyu, ɗaya mai MeV 1.17, ɗaya mai MeV 1.33, matsakaicinsu MeV 1.25. Saboda daga cibiyar zarra suka fito ake ce musu hasken gama, amma a cikin jikin mutum babu abin da ya raba su da foton na eksire mai kuzari daidai da nasu. Babu makunnin da ke kashe wannan haske. Abin da na'urar ke yi kawai shi ne tura ɗan gwangwanin kobalt ɗin, mai faɗin santimita 1.5 zuwa 2, daga maɓoyarsa ta dalma zuwa bakin taga, idan lokaci ya cika kuma ta mayar da shi. Da irin wannan na'ura aka fara jinyar majiyyata a Kanada a 1951, a birnin Landan na lardin Ontariyo da kuma Saskatun, inda Harold Johns ya jagoranci aikin.

Linak kuwa ba ta da wani ƙarfe mai fitar da haske da kansa. Tana amfani da igiyar lantarki mai kaɗawa kusan sau biliyan 3 a daƙiƙa wajen ingiza ilaktiron a cikin bututun jan ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, sannan ta buga su a kan ƙarfen tangistin. Birkin da ilaktiron ke ci farat ɗaya shi ke haifar da eksire, tsarin da bai bambanta a asali da abin da Wilhelm Röntgen ya gano a garin Würzburg na Jamus a watan Nuwamba na 1895 ba, sai dai kuzarin ya ninka sosai. An fara jinya da linak a asibitin Hammersmith na Ingila a 1953. Akwai wani abu da mai saye ya kamata ya fahimta a nan, domin lambar da ke jikin takardar talla tana iya yaudara. Idan aka ce linak mai MV 6 ce, wato bolt miliyan 6, ana nufin foton mafi kuzari da za ta iya fitarwa shi ne MeV 6, amma mafi yawan foton ɗinta ba su kai haka ba, kuma matsakaicinsu kusan sulusin wannan adadi ne, wato wajen MeV 2. Ashe ratar da ke tsakanin kobalt da linak mai MV 6 ita ce ratar MeV 1.25 da kusan MeV 2, wadda ba ta kai ninki biyu ba, alhali mai kallon lambobin a sama-sama zai ɗauka ninki biyar ce.

Yanzu sai a duba abin da wannan rata ke haifarwa a jikin majiyyaci. A ƙaramin kuzari irin na ɗaukar hoto, ƙashi yana shanye foton fiye da tsoka nesa ba kusa ba, saboda kalsiyam da ke cikinsa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoton eksire. Idan kuzari ya haura zuwa MeV, hanyar da ta fi rinjaye ita ce wadda Arthur Compton ya bayyana a 1923, inda foton ke karo da ilaktiron, ya ba shi wani kaso na kuzarinsa, ya karkata ya ci gaba da tafiya. A wannan hanya giram ɗaya na ƙashi da giram ɗaya na tsoka kusan abu ɗaya suke sha, kuma kobalt da linak duk a wannan yanki suke aiki, don haka dukansu sun kauce wa lalata ƙashi da tsofaffin na'urorin eksire masu ƙaramin kuzari suke yi. Ilaktiron da aka tunkuɗa shi ne ke yin ainihin aikin, domin shi ke karya ƙwayoyin halittar ƙarin a kan hanyarsa. Tun da yake gaba ake tunkuɗa shi, kuma sai ya yi ɗan tafiya kafin ya sauke kayansa, gashi mafi ƙarfi ba ya sauka a saman fata, sai an ɗan shiga ciki. Ga kobalt wannan wuri yana zurfin rabin santimita, ga MV 6 yana santimita 1.5, ga MV 10 kusan santimita 2.5, ga MV 18 kuwa ya haura santimita 3. Ma'anar wannan ita ce linak ta fi tausaya wa fata, kuma majiyyacin da ake gasawa da kobalt ya fi fuskantar saɓulewar fata a wuraren da take naɗewa, kamar hammata da matsematsi.

A zurfin santimita 10, idan faɗin filin gashin santimita 10 ne a kowane gefe, abin da ke isa daga kobalt kusan kashi 55 cikin ɗari ne na mafi ƙarfinsa, daga MV 6 kusan kashi 67, daga MV 10 kusan kashi 73, daga MV 18 kuma kusan kashi 80. Waɗannan lambobi su ne zuciyar lamarin. Ƙarin da ke wuya, ko baki, ko mama, ko hannu da ƙafa, ba shi da nisa daga fata, kuma kobalt yana isa gare shi ba tare da wahala ba. Haka nan gashin rage raɗaɗi ga wanda cutar ta bazu zuwa ƙashinsa, wanda sau da yawa zama ɗaya na gire 8 (gire shi ne ma'aunin yawan gashin da jiki ya sha) ke wadatarwa, babu abin da linak za ta ƙara a kai na a zo a gani. Inda ratar ke bayyana shi ne ƙarin da ke tsakiyar ƙugu, irin na bakin mahaifa da na dubura da na mafitsara, musamman ga mai ƙiba. Don a isar da gire 2 zuwa tsakiyar ƙugu mai kauri ta fuska biyu da kobalt, dole naman da ke kusa da fata ya sha fiye da abin da ƙarin ya sha. Ana rage wannan ta hanyar shigowa ta fuska huɗu, gaba da baya da gefe biyu, kuma an warkar da mata masu yawa a haka, amma linak tana yin aikin da ƙarancin ɓarna ga hanji da mafitsara. Tun da cutar dajin bakin mahaifa tana cikin waɗanda suka fi addabar mata a Najeriya da Nijar, wannan hujja ce mai nauyi a ɓangaren linak, kuma ba daidai ba ne mai goyon bayan kobalt ya yi kamar bai gan ta ba.

Bambanci na biyu bai shafi kuzari ba, ya shafi girman wurin da hasken ke fitowa. Wanda ya taɓa ɗaga hannunsa a gaban doguwar fitilar lantarki ya ga inuwar ta yi dishi-dishi a gefenta, sannan ya haska shi da ƙaramar tocila ya ga inuwar ta fito da kaifin baki, ya riga ya fahimci lamarin. Gwangwanin kobalt mai faɗin kusan santimita 2 yana ba da fili mai dusasshen gefe, yayin da wurin da ilaktiron ke bugun tangistin a linak milimita kaɗan ne, gefen filinsa kuma yana da kaifi. Idan ƙari yana jingine da lakar ƙashin baya, ko jijiyar ido, ko ƙwayar da ke samar da yawu, kowace milimita tana da muhimmanci. Linak ta zamani tana da ganyayyakin tangistin masu yawa da kwamfuta ke motsawa yayin gashi, don a sassaƙa hasken daidai da siffar ƙarin, kuma da yawansu suna ɗaukar hoton majiyyaci yana kwance kafin a fara. An ƙera sababbin na'urorin kobalt masu irin waɗannan ganyayyaki, amma dusasshen gefen yana nan, tun da daga girman gwangwanin ya samo asali.

Sai batun tsufa. Rabin kobalt-60 yana ƙarewa a cikin shekara 5.27, wato ƙarfin na'urar yana raguwa da ɗan fiye da kashi 1 cikin ɗari a kowane wata, kusan kashi 12 a shekara. Kuzarin kowane foton yana nan a MeV 1.17 da 1.33 har ranar ƙarshe, don haka zurfin da hasken ke kaiwa ba ya canzawa. Yawan foton ɗin ne ke raguwa, shi ya sa gashin da ke ɗaukar minti ɗaya a sabon gwangwani zai ɗauki minti biyu bayan shekara biyar da 'yan watanni, minti huɗu bayan shekara goma da rabi. Majiyyaci mai ciwo ba ya iya kwanciya shiru tsawon lokaci, layin masu jira kuma yana ƙara tsawo, saboda haka ake canza gwangwanin duk bayan shekara biyar zuwa bakwai. Sai dai wannan raguwa tana da kyakkyawar fuska, domin lissafi ne tsayayye da ba ya saɓawa, kuma masanin fiziks na asibiti zai iya rubuta ƙarfin na'urar na kowane wata mai zuwa tun yau, aunawarsa ta zama tabbatarwa kawai. Linak ba ta tsufa ta wannan hanya, tana iya ba da gire 3 zuwa 6 a minti ɗaya, wasu ma fiye, amma dole a auna fitarta kowace safiya kafin majiyyaci na farko ya shiga, domin kayan lantarkinta suna iya kaucewa ba tare da wata alama ba.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan nauyi a ƙasashenmu shi ne yawan ranakun da na'urar za ta yi tana aiki. Gashin warkarwa ana yin sa ne kullum, kwana biyar a mako, har tsawon mako biyar zuwa bakwai, kuma ƙwayoyin ƙarin da suka tsira suna hayayyafa a duk ranar da aka tsallake. A cutar bakin mahaifa, likitoci suna ƙoƙarin kammala jinya gaba ɗaya a cikin mako takwas, domin bayan haka damar warkewa tana raguwa. Na'urar kobalt injin ne mai sauƙi, wutar da take buƙata ita ce ta juya kanta, da motsa gadon, da tura gwangwanin, abin da matsakaicin janareta ko batura masu hasken rana za su iya ɗauka. Linak tana buƙatar wuta mai layi uku wadda ba ta hawa da sauka, da ruwan sanyaya mai tsayayyen zafi, da ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana, da iskar gas ta musamman a bututun igiyarta, da tsaro daga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana iya lalata sassa masu tsada, kuma idan bututun da ke samar da igiyar ya mutu, sai an kawo wani daga ƙasar waje tare da injiniyan da ya san aikin. Matar da ta taso daga ƙauye mai nisa, ta kama ɗaki kusa da asibiti, ta yi mako uku ana gasa ta, sannan aka ce mata na'ura ta lalace ta jira, ta yi asarar da ratar kashi 55 da kashi 67 ba za ta taɓa biya ba.

Haɗarin kowace ɗaya ma daban ne. Idan aka kashe linak, hasken ya ƙare nan take, kuma tsohuwar linak tarin ƙarfe ce mai ƙaramin haɗari. Gwangwanin kobalt na gashi yana cikin rukuni na ɗaya, mafi haɗari, a jadawalin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kuma ko bayan ya gaza yin jinya yana iya kashe wanda ya riƙe shi. A 1983 a birnin Juárez na Meziko, an sayar da sassan wata na'urar kobalt da aka yasar ga masu tsohon ƙarfe, ƙwayoyinta kusan dubu 6 suka watse, aka narka su cikin rodin gini da ƙafafun tebur, ba a gano ba sai a farkon 1984 lokacin da wata motar rodi ta tayar da na'urar gargaɗi a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos da ke Amurka. A 2000 a Samut Prakan ta Tailan, masu tsintar ƙarfe sun fasa kan wata tsohuwar na'urar, mutum uku suka mutu. Duk wanda ya san yadda 'yan jari-bola ke bin kowane lungu a garuruwanmu zai gane cewa wannan ba labarin nesa ba ne. Saboda haka bai kamata a sayi kobalt ba sai an rubuta a yarjejeniya cewa kamfanin zai kwashe tsohon gwangwani ya mayar da shi inda ya fito, an ware kuɗin hakan tun farko, an kuma sami lasisin hukumar da ke sa ido, wadda a Najeriya ita ce NNRA. Kuskuren ɗan Adam kuwa bai bar kowace na'ura ba. A Kosta Rika a 1996, kuskuren lissafi bayan canza gwangwanin kobalt ya sa majiyyata fiye da ɗari sun sha gashi fiye da ƙima, kamar yadda matsalar manhajar wata linak mai suna Therac-25 ta sa majiyyata a Amurka da Kanada sun sha gashi fiye da ƙima tsakanin 1985 da 1987, har wasunsu suka mutu.

Idan aka yanke shawarar sayen linak, akwai zaɓi na biyu a cikinta, kuma a nan ne zaton cewa babbar lamba ta fi kyau ke cin kuɗin jama'a. Na'ura mai MV 6 kaɗai ta fi sauƙin gini, ta fi araha, ta fi jure wahala, kuma idan tana da tsarin sassaƙa haske tana zagaya majiyyaci, tana iya jinyar ƙarin da ke tsakiyar ƙugu yadda ya kamata, domin shigowa ta kusurwoyi masu yawa yana rufe gibin zurfi. Mai MV 15 ko 18 tana da amfani ga majiyyaci mai kauri sosai, kuma yawanci tana zuwa da hasken ilaktiron don ƙarin da ke kusa da fata, amma daga kusan MV 10 zuwa sama foton yana da kuzarin fizgo nutiron daga ƙarafan kan na'urar. Wannan yana tilasta ƙofa ta musamman da ƙarin kariya, ban da kaurin bango. Kankaren da ke rage hasken kobalt zuwa kashi ɗaya cikin goma kusan santimita 21 ne, na MV 6 kusan santimita 35, na MV 18 kuma kusan santimita 45, kuma bangon ɗakin gashi yana buƙatar irin wannan kauri ninki da yawa.

Asibitin koyarwa da ke da tashar wutarsa mai zaman kanta, da masana fiziks aƙalla biyu, da injiniya a harabarsa, da yarjejeniyar gyara ta shekaru da aka biya tare da kuɗin na'urar, ya kamata ya ɗauki linak mai MV 6, ya bar babban kuzari sai na'ura ta biyu. Cibiyar jiha da ke fara aiki, wadda wutarta ba ta da tabbas, kuma mafi yawan majiyyatanta suna zuwa ne bayan cutar ta yi nisa suna neman sauƙin raɗaɗi da tsayar da zubar jini, za ta fi amfanar mutane da sabuwar na'urar kobalt mai tazarar santimita 100 da sabon gwangwani mai ƙarfi, tare da tsarin tura masu ƙarin da ke kusa da lakar baya ko ido zuwa inda linak take. A kowane hali, hikima ce a zuba bangon ɗakin tun farko da kaurin da zai ɗauki linak mai MV 6 ko 10, domin ƙara kankare a ginin da majiyyata ke shiga kullum yana nufin rufe sashen na watanni, kuma kuɗinsa ya fi na zuba shi lokacin da ake aza harsashi.